Bagaruwar Shiyar Majema

Ubana Arzika majemi ne.
Na san shi da wari tun ban san shi da murya ba:
toka, fatar jan akuya, da ruwan kwatarniya
da ya kwana yana tsotsar bagaruwa.
Hannunsa ya rine har gwiwa,
ko sabulun Sallah bai taɓa fid da shi ba.

Inno Tumba kuwa, da wannan kwanso guda
take kashe gobara uku a gidanmu.
In zawo ya tsinke wa yaro, ta jiƙa kaɗan.
In dasashi na jini, ta ce a kurkure a zubar.
In wuƙar karta ta zame ta ci yatsa,
ta barbaɗa garin, ta ɗaure da tsumma,
ta ce, "Tahi ga aikinka, ba ka mutuwa."

Yau ga ni a Dundaye cikin farar riga.
Na ƙetare gadar Kwalkwalawa bisa kabu-kabu
rungume da ƙunshin da Baba ya auna mani.
Na daka, na tankaɗe, na jiƙa, na tace,
na tsiyaya a kwalba siririya kamar sillen kara.
Ɗigo ɗaya na ruwan gishirin ƙarfe,
sai ga shi ya juye baƙi mai shuɗi-shuɗi
kamar gabas in hadari ya gama haɗuwa.
Malam Nomau ya leƙo ta saman tabarau:
"Rubuta. Tanin ne, kuma da yawa."

Na girgiza ta biyu, kumfa ta hau ta ƙi sauka,
wannan saponin.
Ta uku ta yi rawaya, filabonoid.
Sunaye masu kaushi a baki,
kamar ita kanta in ka tauna ɗanya,
harshe ya ƙanƙance, miyau ya gudu.

Na shuka ƙwayoyin cuta a faranti,
na huda tsakiya, na ɗiga ruwan, na rufe.
Da safe sun cika shi maƙil,
sai dai kewayen ramin, tas,
kamar masussukar da aka share kafin a kawo dami.
Na auna faɗinsa sau uku don ban yarda da idona ba.

Littafi ya ce tanin kamu yake yi:
ya riƙe furotin, ya matse, ya hana ruɓa shiga.
Nan na ajiye biro.
Ashe sana'a ɗaya ce a gidanmu ban sani ba,
Baba yana jemar fatar da ta mutu,
Inno tana jemar mai rai.

Amma mai kamu bai san gwani ba.
Yadda ya riƙe ƙarfe a kwalbata
haka zai riƙe shi a cikin tuwon mai ƙarancin jini,
in an zarce ya ɗaure ciki tamau.
Faranti kuma ba hanjin mutum ba ne.
Ma'aunin Inno yatsu uku ne,
ta tafi da yatsun,
ba ta bar mana giram ba.
Shi nake nema. Ban samu ba tukuna.

Da la'asar na kai wa Baba hoton a waya.
Ya matso da ita, ya nisanta, ya yi dariya har da tari:
"Wanga ai kuloko na, ɗiyata!
Kashin maƙera muka jiƙawa, mu shafa ga fata ta yi baƙi.
Shekara biyar kina boko don wanga?"

Na yi shiru. Ya koma ya tsuguna.
Can, ba tare da ya waiwayo ba:
"Mi kika ce sunanai?"
Na ce tanin.
Ya juya kalmar a baki sau biyu,
ya tsoma hannu a kwatarniya, ya ɗago fata tana ɗiga.
Na duba farcena.
Gefensa ya fara rinewa.